Yadda za ka riƙe aikin kullum ba tare da ya gundure ka ba

Mai koko a unguwar Aboabo ta Kumasi ta tace gero yau, gobe ma shi za ta tace. Tela a Asawase, idan an kusa komawa makaranta, yakan wuni yana ɗinka riga iri ɗaya, launi ɗaya, aljihu a wuri ɗaya. Mai momo, wato mai tura wa mutane kuɗi ta waya, a bakin kasuwar Kejetia lamba goma-goma yake dannawa tun safe har magariba, yaron mota kuma sunan tasha ɗaya yake kira har muryarsa ta dushe. Ba wanda aikin nan ya fi ƙarfinsa. Matsalar tana zuwa ne bayan hannu ya iya aikin sarai, ran mutum kuma ya fita daga cikinsa. Sai a fara makara, a riƙa ɗaga waya bini-bini, a yi kuskuren da ko sabon yaron shago ba zai yi ba.

Abin da aka saba faɗa wa irin wannan mutum shi ne ya yi haƙuri, ya daure. Haƙuri yana da wurinsa, amma dauriya kaɗai ba ta kai mutum ƙarshen wata. Mafi yawan gyaran yana cikin yadda aka tsara aikin: inda yake farawa, inda yake tsayawa, da abin da ido ke gani an gama.

Kafin komai ka tantance abin da ke damunka, domin abubuwa uku ne suke kama da juna. Ka bar aikin na minti goma, ka kama wani daban mai ɗan motsa jiki, kamar share shago ko jera kaya. Idan ka ji ka warware, gundura ce, kuma ita ce muke magana a kai. Idan da ka zauna sai gyangyaɗi, gajiya ce, maganinta barci. Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa bakwai, don haka mai koko da ke tashi ƙarfe uku na dare, in ba ta kwanta da wuri bayan Isha ba, dole ta nemi barcin rana na minti ashirin zuwa talatin bayan Azahar. Idan kuwa jiki garau ne amma da ka tuna abin da aikin ke kawowa sai ranka ya ɓaci, to lissafi ne ya lalace, za mu zo kansa.

Ka yi wa aikin gaɓa

Aikin da ba a hango ƙarshensa shi ya fi kashe gwiwa. “Zan yi ɗinki yau” ba shi da baki. “Riga shida kafin Azahar” yana da shi.

A Kumasi an yi sa'a da manyan gaɓoɓin. Garin yana kusa da tsakiyar duniya, rana na fitowa wajen shida ta faɗi wajen shida, kuma motsin lokutan salla a duk shekara bai kai awa guda ba. Saboda haka tsarin da ka ɗora a kan Asuba, Azahar, La'asar da Magariba zai yi maka aiki a watan Janairu, ya yi maka a Yuli. Ka ba kowane tsakani aikinsa. Mai wuya da mai buƙatar natsuwa ya zo da safe, mai sauƙi ya koma tsakanin Azahar da La'asar, lokacin da zafi da abincin rana suke saukar da jiki.

A cikin kowane tsakani kuma sai ka yanka ƙananan kashi, kowanne na minti ashirin zuwa arba'in da biyar. Ga misali da tela da aka ba shi yunifom arba'in. Hanya biyu ce ke ɓata masa rai. Ta farko, ya ɗinka riga ɗaya daga yanka har guga sannan ya ɗauki ta biyu: lokaci yana tafiya wajen tashi da zama, da sauya zare, da jiran dutsen guga ya yi zafi. Ta biyu, ya yi wuya arba'in a jere, sannan hannu tamanin, sannan aljihu arba'in. Wannan ta fi sauri a lissafi, amma sai ya kwana biyu bai ga riga ko ɗaya da ta kammala ba, kuma in akwai kuskure a awon farko, ya maimaita shi sau arba'in kafin ya farga. Abin da ya fi shi ne ya gama riga ɗaya tukuna, ya auna ta, ya tabbatar wuya ya zauna, aljihu bai karkace ba. Daga nan ya riƙa ɗauka biyar-biyar ko takwas-takwas: ya haɗa kafaɗunsu, ya sa wuya, ya sa hannu, ya rufe gefe, ya yi kalmasa, ya goge, ya rataye su a inda idonsa zai riƙa faɗawa a kansu. Ratayewar nan ba ado ba ce. Wanda ya ninke abin da ya gama ya cusa a buhu, tulin da ya rage kaɗai zai riƙa gani.

Ƙirga ma haka. Ka ja layi da alli a bango duk kashin da ka gama, ko ka sa maɓallai goma a gwangwanin madara, kana mayar da ɗaya cikin wani gwangwanin. Kada ka yi ƙirgar a waya, don da ka buɗe ta wani abu zai ja ka.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen sa adadi. Mutum yakan tuna ranar da ya fi kowace rana ƙoƙari, jajibirin Salla misali, ya ce kullum haka zai yi. Kwana uku ya kasa, sai ya watsar da tsarin gaba ɗaya. Ka ƙirga abin da kake yi a ranaku uku na yau da kullum, ka raba uku, ka ƙara kashi ɗaya cikin goma a kai. Idan riga goma kake yi, ka sa sha ɗaya. In ta zauna mako biyu sai ka sake dubawa.

Akwai tsarin da wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, ana kiransa Pomodoro: aiki minti 25, hutu minti 5, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. Yana da kyau ga mai cike littafin ciniki, da ɗalibi, da mai hadda. Ga mai shago da masu saye ke shigo masa ba sallamar agogo, bai dace ba, gara ya ƙirga da kaya.

Hutun kansa yana da ƙa'ida. Ka miƙe tsaye, ka sha ruwa, ka taka zuwa bakin titi, ka kalli nesa don ido ya huta daga kallon allura ko fuskar waya. Hutun da aka yi a TikTok ko a rukunin WhatsApp, minti biyar ɗinsa arba'in ne, kuma in ka dawo aikin ya fi ɗazu gundura, don ka ɗanɗana wa ido abin da ke canzawa kowane daƙiƙa. Sannan duk lokacin da za ka tashi, ko hutu ko tashin yamma, ka bar mafarin aiki na gaba a shirye: zare a allura, yankakken yadi a kan keke, gero a jiƙe, wake a tsince. Farawa ita ce mai nauyi, in ka same ta a yi, sauran yakan bi.

Aikin hannu daban, aikin ido daban

Wasu ayyukan hannu ne kawai ke yin su, kai yana zaune ba aiki: tsintar wake, ɓare albasa, guga, wanki, wanke-wanke, ƙulla kaya a leda. A nan ka ba kunne abinci. Tafsiri, karatun Alƙur'ani, shirin Zuria FM, labaran BBC Hausa ko DW, darasin wani yare, duk suna shiga. Dabarar da ke ƙara masa ƙarfi ita ce ka keɓe abin da ka fi so ga aikin da ka fi ƙi, kada ka saurare shi a wani lokaci. Katherine Milkman ta Jami'ar Pennsylvania a Amurka ta gwada haka da abokan aikinta, aka buga sakamakon a 2014. An ba mutane labarai masu jan hankali na saurare, amma sai a wurin motsa jiki kaɗai za su ji su, sai zuwansu ya ƙaru. An kuma ga tasirin ya ragu bayan hutu ya katse su. Ke nan bayan Salla ko tafiya, sai ka sake ɗaura tsarin da gangan, ba zai dawo da kansa ba.

Sauran ayyukan kuwa ba su yarda da raba hankali ba: yanka yadin mutane, ƙirga kuɗi, tura kuɗi, aiki da wuƙa, injin niƙa, walda, tuƙi. Makaniken Suame Magazine da ke ƙarƙashin mota yana buƙatar kunnensa biyu. A irin waɗannan gundura ba ɓacin rai kawai take kawowa ba, asara take jawowa, wani lokaci har da yatsa.

An daɗe da auna wannan. Norman Mackworth, wani masani a Ingila, ya lura masu kallon na'urar hango jirage a yaƙin duniya na biyu suna kasa ganin abin da ke gabansu in sun jima a zaune. Ya zaunar da mutane awa biyu suna kallon hannun wani agogo da ke tafiya taki ɗaya-ɗaya, jefi-jefi ya yi tsalle biyu, aikinsu su nuna duk lokacin da ya yi tsallen. A rahotonsa na 1948, bayan rabin awar farko kamawarsu ta ragu a fili. Ba ragwaye ba ne, haka hankalin ɗan Adam yake da abin da ba ya canzawa. Abin da ya taimaka shi ne karɓa-karɓa duk rabin awa, da kuma sanar da mutum nan take ko ya kama ko ya kuskure.

Mai momo zai iya ɗaukar darasi biyu daga nan. Na farko, ya mayar da aikin ido ya zama na baki. Ya karanta lambar da ƙarfi, mai kuɗi ya amsa. Sunan da ya fito a waya, kada ya karanta wa mutum, ya tambaye shi: “Hajiya, wane suna ne zai fito?” Ya ƙirga kuɗin sau biyu kafin ya danna, ba bayan ya danna ba, ya rubuta a littafi kafin ya kalli na gaba a layi. Ma'aikatan jirgin ƙasa a Japan haka suke yi, suna nuna alama da yatsa su faɗi sunanta da baki, ko da sun gan ta sau dubu, don hannu da baki suna farkar da hankalin da ya yi barci. Na biyu, kada ya bar haɗa lissafi sai dare. Duk lokacin salla, kafin ya rufe akwati, ya haɗa kuɗin hannu da na cikin waya ya ga ko sun yi daidai da jarin da ya buɗe da shi. In sidi hamsin ya ɓata, zai neme shi cikin cinikin awa uku, ba na wuni guda ba. Wayar aiki kuma ta zama daban da wayar hira.

Mai gadi na dare shi ya fi kowa kama da mutanen Mackworth. Kada ya zauna fiye da rabin awa a wuri ɗaya. Ya tashi ya zaga, ya riƙa sauya ta inda yake farawa, ya taɓa kowane kwaɗo da hannu, ya rubuta lokaci a littafi. Tsakanin ƙarfe biyu da biyar na dare barci ya fi ƙarfi, don haka tuwo mai nauyi a tsakar dare ba abokinsa ba ne. Ataya da goro suna taimakawa, amma rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jiki bayan kamar awa biyar. Wanda ya sha ataya da Asuba ya koma gida, barcin safiyarsa ya lalace, daren gobe kuma ya fi na yau wuya. Shi kuwa tiramol da wasu samari ke sha wai don aiki ya yi sauƙi, maganin ciwo ne mai kama jiki, yana sa jijjiga kamar farfaɗiya, kuma adadin da ya ishi mutum wannan watan ba zai ishe shi wata mai zuwa ba.

Idan hannu ya riga ya saba

Aikin da ya yi maka sauƙi ƙwarai, ƙara masa wuya kaɗan. Ka zaɓi abu ɗaya a mako. Tela ya sa wa kansa rage ƙyallen da ke zuba ƙasa wajen yanka, ko aljihun da ba sai an farke an sake ba. Mai waakye ta fara auna komai maimakon ƙiyasi: olonka nawa na shinkafa, nawa na wake, kanwa nawa, karan dafi nawa, minti nawa wake ya yi a wuta kafin a zuba shinkafa, gawayi nawa ya tafi. Ta rubuta. Cikin mako biyu za ta gane dalilin da ya sa na ranar Talata ya caɓe, na Laraba ya yi wara-wara, tukunyar da take ɗorawa ido rufe ta koma abin da take sa wa ido. Sharaɗi biyu ne. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba. Kuma ba a taɓa abin da masu saye ke zuwa dominsa. Wanda ya saba da yajin kokonki, ranar da kika rage citta don neman sabon salo, gobe yana wajen maƙwabciyarki.

Inda ake aiki da yawa, a riƙa juyawa. Mastan da ya bar yaro shekara guda a kan guga da sa maɓalli, kada ya yi mamaki in ya wayi gari yaron ya koma tuƙa pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya. A sauya wuri bayan Azahar: na guga ya hau keke, na keke ya koma tebur. Amma sai an koya wa mutum sabon wurin a kan ƙyalle tukuna, ba a kan shaddar mutane ba. A gidan haya ma, inda ake rabon sharar tsakar gida da wankin bayi, a rubuta jerin a manna a bango, a riƙa juya shi mako-mako. Yawancin faɗan da ake yi kan shara, tushensa mutum ɗaya ne ya ga kullum shi ke yi.

Ka kuma tanadi aikin ranar dumso tun kafin wuta ta ɗauke: yanka, sa maɓalli, ɗinkin hannu, zuba wa keke mai, bin bashi. Zaman jiran wuta hannu sake yana kashe karsashin wuni duka, ko ta dawo da wuri.

Sabon tsari yana ɗaukar lokaci kafin ya zama jiki. Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a a Landan sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, aka fitar da binciken a 2009. Tsaka-tsakin lokacin da ta ɗauka kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Sun kuma ga tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Don haka in ka fashe yau, ka ci gaba gobe daga inda ka tsaya, ba sai ka jira Litinin ko sabon wata ba. Ya fi sauƙi kuma in ka ɗaura sabon abin a jikin wanda ba ka fashinsa: “da na dawo daga La'asar zan haɗa lissafi” ya fi “zan riƙa lissafi da yamma” kamawa.

Maganar kuɗi

Ba kowace gundura ce dabara ke warkarwa ba. A 1913 Henry Ford ya kafa layin haɗa motoci a Amurka, inda kowane ma'aikaci ke maimaita abu ɗaya wuni guda. Mutane suka riƙa gudu, har kamfanin ya ɗauki sama da mutum 50,000 a shekarar don ya riƙe ma'aikata kimanin 14,000. A Janairun 1914 ya ɗaga ladan yini zuwa dala biyar, fiye da ninki biyu, ya rage awanni daga tara zuwa takwas, gudun ya lafa. Aikin bai canza ba, abin da ake samu a cikinsa ne ya canza.

Saboda haka ka san ribar kowane guda. Ka cire kuɗin zare, wuta, haya, gawayi da ladan yara, ka ga abin da ya rage a kan riga ɗaya ko tukunya ɗaya. Idan akwai riba, layukan allin nan na bango sun zama sidi, ƙirga su ma ta fi daɗi. Idan babu, farashi za ka gyara ko ka rage ɓarna, ba ƙarin himma ba. Abin da kake tarawa kuma ka sa masa suna: injin ofalok, firji, kuɗin makarantar Satumba. Masu karɓar susu, wato adashin da ake zubawa kullum, bisa al'ada suna riƙe zubin rana ɗaya a wata a matsayin ladansu. Ka sa wannan a lissafi, kuma kada ka miƙa kuɗi ba a sa alama a katinka a gabanka ba.

Wanda ke aiki a ƙarƙashin wani ya san abin da Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, mai lamba 651, ta tanada: awa takwas a rana ko arba'in a mako, hutun aƙalla minti talatin a cikin aikin da ba ya yankewa, awa sha biyu tsakanin tashi da komawa, awa 48 a jere kowane mako, da hutun shekara na aƙalla ranakun aiki 15. Tanadin awanni da na hutun rana da mako bai hau kan masu aikin jinga da masu aikin gida ba, mai sana'ar kansa kuma ba mai tilasta masa. Duk da haka ma'auni ne mai kyau. Mai shagon da ke buɗewa kwana bakwai, wata da watanni, ya ware ko da rabin yinin Juma'a ya rufe, ya sanar da masu saye tun da wuri don su saba.

Akwai kuma inda abin ya wuce aiki. Idan mako biyu ko fiye ba abin da ke yi maka daɗi, har hira da abinci da abin da kake so a da, barci ya rikice, jiki ya mutu tun safe, wannan ba na alli da gwangwani ba ne. A je asibiti a auna jini, don ƙarancin jini, ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro da bai warke ba duk suna kawo kasala irin wannan. In gwaji ya fito lafiya, a gaya wa likita yadda zuciya take ba tare da kunya ba. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma a asibitocin gwamnati da dama akwai ma'aikatan jinya na wannan fanni da za a iya farawa da su.